Minti Talatin da Takwas a Berlin

Ranar Talata, ashirin da biyar ga watan Yuni na shekarar 2024, wadda ta zo daidai da sha tara ga Zulhajji a lissafin Nijeriya, sha takwas a lissafin Maleshiya, da ƙarfe biyu da kwata na rana, Abdurrahim Yahuza ya fito daga gidan namun dajin Berlin ta ƙofar da aka girke gumakan giwaye biyu, ya tsaya ya ƙirga abin da ke tare da shi. Yara biyu. Gorar ruwa uku. Fasfo uku a aljihun jaka, na huɗun yana hannun matarsa. Keken tura yaro ɗaya, wanda Adnan, ɗan shekara biyu da rabi, ya yi barci a ciki da bakinsa a buɗe.

Zuhra, mai shekara shida da wata bakwai, tana riƙe da ƙarfen keken kamar yadda aka koya mata.

"Abba, nak makan," in ji ta da harshen Maleshiya, tana shafa ciki.

"Yi mini Hausa."

"Yunwa nake ji lah."

"Mu ƙarasa tasha tukuna. Kada ki saki ƙarfen nan."

Shekararsu biyar ke nan a Kuala Lumpur, a hawa na sha huɗu na wani dogon bene a Taman Melati. Shi malamin jami'a ne, mutumin Gumel, ya je can neman digiri na uku a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Matarsa Bashira ta bi shi da goyo, daga baya ita ma ta sami gurbi a fannin haɗa magunguna, har ta kusa riga shi gamawa. Aikinta ne ya kawo su Jamus. An karɓi sakamakon binciken da ta shafe shekara uku a kansa, aka ba ta minti ashirin ta gabatar da shi a wani taron masana, da ƙarfe uku da minti goma na wannan rana. Ba su da wanda za su bar wa yara har mako guda, sai suka taho gaba ɗaya, a kan shi zai yi reno, ita ta yi taro.

Abdurrahim mutum ne mai shiri. Ƙwallo ba ta dame shi ba, amma ya san ana gasar cin kofin ƙasashen Turai a Jamus, saboda haka tun kafin su taso ya tabbatar cewa masu masaukin baƙin ba su da wasa a ranar, ya yanke cewa gari zai yi shiru. Bai duba su wane ne suke da wasa ba. Ya kuma daɗe yana sha'awar dabarar malaman makarantun yara na Kuala Lumpur, waɗanda ke sa wa ɗalibansu riguna iri ɗaya masu haske idan za a fita da su, don a hango yaro ko daga ina. Sai ya je kasuwar Danau Kota ya zaɓi launin da a ganinsa babu mai hankalin da zai yi yawo da shi a titin Turai: ruwan lemo mai ɗaukar ido. Ya ɗauki guda uku, har da tasa.

Da safe ya ga wasu mutane huɗu ko biyar da irin launin a gaban kejin birai, suka ɗaga masa hannu suna dariya. Ya zaci wata ƙungiyar masu yawon buɗe ido ce, ya mayar musu da gaisuwa.

Sautin ganguna ne ya fara riskarsa kafin su sha kwana. Da suka sha, sai ya ga titin da suka bi da safe babu shi. Daga wannan bango zuwa wancan mutane ne, kuma kusan kowa ruwan lemo: riga, hula, gashin kanti, tuta, har wani ƙato da ya shiga rigar zaki mai wannan launi. Ƙasar Holan ce ke wasa da Ostiriya a birnin da ƙarfe shida, kuma magoya bayanta na kwarara zuwa tashar jirgin ƙasan da shi ma ya nufa. A can gefen filin da ke gaban wani tsohon coci, wasu masu jajayen riguna sun yi cincirindo suna tasu waƙar.

Ya so ya juya, amma waɗanda ke bayansa sun riga sun cike hanyar. Wani ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana da wani harshe, yana nuna rigarsa, warin giya na fita daga bakinsa. Wani ya miƙa wa Zuhra ƙaramar tuta.

"Riƙe ƙarfen," Abdurrahim ya ce. "Zuhra, kin ji ni? Da hannu biyu."

A lokacin ne wani mai lasifika ya yi kira, sai taron gaba ɗaya ya kama kafaɗun juna ya yi tsalle zuwa hagu, taku biyar ko shida, sannan ya dawo dama da irin wannan ƙarfin. Babu mugunta a ciki. Keken ya karkata a kan ƙafa biyu, kan Adnan ya bugu da gefensa, yaron ya farka da kuka. Abdurrahim ya sa hannu biyu ya danne keken, ya tokare da gwiwa har guguwar ta wuce. Da ya ɗago, ƙarfen yana nan, babu hannu a kansa.

Agogonsa ya nuna ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar.

Ya duba dama, ya duba hagu, ya duba ƙasa tsakanin ƙafafu. Ya kira sunanta sau uku, bai ji muryar kansa ba. Abin da bakin Bahaushe ya saba furtawa a irin wannan hali ya taso masa da ƙarfi, amma ya haɗiye shi, ya maimaita a zuci kawai. Ya karanta tarihin wannan fili kafin su zo: a nan ne, a Disambar 2016, wani ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Kirsimeti. Ga shingayen ƙarfe da aka kafa saboda haka, ga 'yan sanda da bindigogi a ƙirji. Ya san abin da za a zata idan baƙin mutum mai gemu da jaka a baya ya ɗaga murya da Larabci a tsakiyar taron nan.

Ya ciro Adnan daga keken ya rungume shi, ya bar keken a inda yake, ya hau kan wani dakalin siminti. Dabarar ita ce ya hango ruwan lemo. Ya hango shi, har iyakar ganinsa. Sai kuma wani tunani ya zo masa da ya fi na farko nauyi: ita ma, a duk inda take, mai riga ruwan lemo take nema.

'Yar sandan da ya fara kaiwa gare ta matashiya ce, ta ɗaure gashinta a baya, kuma tana jin Turanci sosai.

"Shekarunta nawa?"

"Shida. Shida da wata bakwai."

"Sunanta?"

Ya faɗa, ya jera mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

"Me ta saka?"

Ya zaro waya ya nuna mata hoton da ya ɗauka da safe a gaban raƙuman dawa. Ta dubi hoton, ta dubi rigarsa, ta dubi ta Adnan, sannan ta dubi filin. Ta ɗauki hoton da tata wayar, ta yi magana mai tsawo a cikin na'urar da ke kafaɗarta.

"Ta san lambar wayarka?"

"Ta haddace ta," ya ce da sauri, har ya ji ɗan sanyi a ransa. Sanyin bai daɗe ba. Lambar da Zuhra ta haddace, wadda suke rera ta kamar karatun allo a cikin lif kowace safiya, lambar Maleshiya ce. Ya cire layin tun a filin jirgi ya sa na Jamus. Yana can otal, cikin ambulan, a aljihun akwati.

"Tsaya nan," in ji 'yar sandan. "Kada ka motsa. Yara sukan dawo inda aka rabu da su. Mun sanar da na tasha su sa ido a ƙofofin jirage."

Bai yi tunanin jirage ba sai da ta faɗa. Kowane minti kaɗan wani jirgi na tashi daga tashar can, cike, zuwa filin wasa. Yarinya mai tsawon ƙugun mutum ba ta buƙatar ta yi niyyar shiga. Taro zai shigar da ita.

Ya tsaya minti tara. Adnan ya daina kuka, yana ta tambaya, "Mana Yaya? Abba, mana Yaya?" wato ina Yaya, shi kuwa yana jijjiga shi yana cewa tana zuwa. A minti na goma ya hango ta. Wani dogon mutum ne ya ɗora ta a wuya, sun ba shi baya, suna nufar tasha: baƙar yarinya, kitso biyu, riga ruwan lemo.

Bai san yadda ya ratsa mutanen ba. Ya ji dai an zage shi, an watsa masa wani abu mai sanyi a wuya. Ya kai hannu ya cafki ƙafar yarinyar.

Mutumin ya juyo da ƙarfi, ya ture shi da gwiwar hannu. Yarinyar ta sunkuyo tana kallonsa da fuskar da bai taɓa gani ba, an zana mata tuta a kumatu. Bai taɓa kawowa a ransa cewa a cikin mutanen Holan akwai baƙaƙe masu yawa ba, alhali ya san ƙasar ta mulki Suriname har zuwa 1975. Maza uku suka kewaye shi. Ɗaya ya riƙe masa wuyan riga.

"'Yata," ya ce da Turanci, yana ɗaga wayar da hoton. "'Yata ta ɓata. Ku yi haƙuri. Na zaci ita ce."

Uban yarinyar ya dubi hoton, ya dubi Adnan da ya ƙanƙame wuyan ubansa. Ya yi wa mai riƙon magana, aka sake shi. Ya ce wani abu mai kama da ban haƙuri, ya ƙara riƙe ƙafafun tasa 'yar da hannu biyu, suka wuce.

Ƙarfe uku saura minti takwas. Minti ashirin da bakwai ke nan.

Tun minti na farko yake tunanin Bashira, kuma tun minti na farko yake ɗage kiran. Ya san inda take: a zaune a layin gaba, da baƙar abayar da ta goge tun a Taman Melati, tana bitar shafukanta. Ya san idan ya kira ba za ta hau mumbarin nan ba. Ya gaya wa kansa cewa babu abin da za ta iya yi daga can wanda 'yan sanda ba sa yi a nan, kuma nan da rabin sa'a za ta gama. Sannan ya tambayi kansa abin da zai ce mata idan rabin sa'ar nan ita ce ta raba su da yarinyar. Ya danna lambar.

Ta ɗauka da raɗa. "Abban Zuhra, saura mutum ɗaya a kira ni. Lafiya?"

"Bashira, ki fita waje."

Ya ji motsin kujera, ya ji ƙofa ta rufe. "Wane ne? Adnan?"

"Zuhra. Mun shiga taron 'yan ƙwallo, ta saki keken. 'Yan sanda na nema."

"Tun yaushe?"

"Kusan rabin awa."

Ya jira ta tambaye shi dalilin da ya sa sai yanzu. Ba ta tambaya ba. Numfashinta kawai yake ji, da ƙarar takalmanta a kan matakala.

"Ka duba surau?" ta ce.

"Wane surau? Berlin muke."

"Me muka ce mata ta yi in ta ɓata? Ranar da ta kuɓuce mini a kanti, me muka ce?"

Ya tuna. A Kuala Lumpur babu babban kanti ko tasha ko asibitin da ba shi da surau, ɗan ɗakin sallar da kowa ya san inda yake. Saboda haka dokar gidansu ɗaya ce: in kin ɓata, kada ki bi kowa, ki tafi surau ki zauna, nan za mu zo.

"Babu surau a nan, Bashira."

"Kai ka san babu. Ita ba ta sani ba. Ga ni nan zuwa, tashar gidan zu ko?"

"Tsaya, ki bari in..."

Ta riga ta kashe.

Ya sauke wayar ya dubi filin, wannan karon ba mutane yake dubawa ba. Ya durƙusa har kansa ya zo daidai tsawon yarinya 'yar shekara shida, ya ɗaga ido. Daga nan ƙasa ba a ganin titi, ba a ganin tasha. Abin da ya fi kawunan mutane tsawo kawai ake gani: ragowar hasumiyar tsohon cocin da bama-bamai suka rushe a Nuwamban 1943, aka bar ta a karye don tunawa, sai kuma sabon ginin da aka buɗe kusa da ita a 1961. Sabon ba shi da siffar cocin da ake zanawa a littattafai. Zaure ne mai kusurwa takwas, bangonsa duk ƙananan tagogi kamar saƙar zuma, ga wata siririyar hasumiya a tsaye daban. Rabin masallatan da Zuhra ta sani haka suke.

Tsakaninsa da ƙofar bai kai taku ɗari ba. Ya yi su da kafaɗa, yana kare kan Adnan da tafin hannu.

A gefen ƙofar, a jikin bango, ga takalmanta. Farare masu maɗauri, an jera su daidai, bakinsu na kallon waje yadda za a zura ƙafa a wuce. Kusa da su akwai wasu manyan takalma ƙafa biyu, na maza.

Ya dafa bangon. Sannan ya tura ƙofar.

Bai taɓa shiga coci ba a rayuwarsa. Ciki shuɗi ne gaba ɗaya, hasken rana na ratso dubban gilasai, kuma gangunan waje sun koma kamar daga wata unguwa. Akwai mutane kamar ashirin a kan kujeru. Wasu ƙarti biyu masu riga ruwan lemo na tsaye a baya da safa kawai, huluna a hannu. Sun ga takalman yarinya a ƙofa, sun ɗauka dokar wurin ce. A can ƙuryar baya, a ƙasa, Zuhra ta tanƙwashe ƙafa ta jingina da bango, ƙaramar tutar na kan cinyarta. Wata tsohuwa mai farin gashi da alamar masu kula da wurin a ƙirji ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

Ƙarfe uku da minti uku.

Zuhra ba ta taso da gudu ba. Ta dube shi, fuskarta duk sawun hawayen da ya bushe.

"Abba, ka daɗe lah."

Ya durƙusa ya haɗa ta da Adnan ya rungume. Ya shafa kanta, hannuwanta, ƙafafunta, yana duba ko akwai rauni. Babu, sai ɗan ƙujewa a gwiwa.

"Na saki ƙarfen," ta ce a kunnensa. "Ba da gangan ba."

"Na sani. Ba laifinki ba ne."

"Surau ɗin nan ba su da wurin alwala. Kuma ban ga ɓangaren mata ba, shi ya sa na zauna a baya."

"Kin yi daidai."

Tsohuwar ta yi masa bayani da Turancin da take tsinta ɗaya-ɗaya. Ta ce ta yi ƙoƙarin kai yarinyar wurin 'yan sanda, ta ƙi tashi. Ta ba ta biskit, ta ƙi karɓa. Yarinyar ta ba da wata lamba, an kira sau huɗu, ba ta shiga. Abu ɗaya take ta maimaitawa: babana ya san nan, nan zai zo.

"Kun saba zuwa ne?" tsohuwar ta tambaya.

"A'a," in ji Abdurrahim. "Yau ne farko."

Ya yi mata godiya har sau uku. Sannan ya fita bakin ƙofa ya kira Bashira. Wayar ba ta shiga ba. Ya sake kira, ya tura saƙo: An same ta, lafiya lau, ki koma. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai isa ba. Tana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya kira sau goma sha ɗaya, yana kallon agogo na wuce uku da minti goma, da sha biyar, da ashirin. A tsakani ya aika ɗaya daga cikin ƙartin nan masu safa ya gaya wa 'yar sandan cewa an dace.

Bashira ta iso ƙarfe huɗu saura ashirin da biyar, katin taron na rataye a wuyanta, takalmanta masu tsini a hannu. Saƙon ya same ta ne a kan matakalar fitowa daga tasha. Ta wuce mijinta ba ta dube shi ba, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar cocin, ta ɗora Zuhra a cinya kamar jaririya, ta daɗe a haka.

"Umma, kin gama karatun?" Zuhra ta tambaya.

"Sa takalminki," in ji Bashira.

Abdurrahim ya matso. "Da na ƙara jira minti goma..."

"Da ka ƙara jira minti goma, da ba ka san inda za ka duba ba." Ta miƙe ta karɓi Adnan daga hannunsa. "Ina keken?"

Ba a ga keken ba. Suka koma otal a ƙasa, ta ƙananan tituna, shi ɗauke da Zuhra, ita ɗauke da Adnan.

Taron ya rufe da ƙarfe biyar na yammacin ranar, ba a sami wani gurbin da za a ba ta ba. Sun sauka Kuala Lumpur ranar Asabar, ashirin da tara ga wata. Bashira ta gabatar da aikin nata bayan wata biyar, a wani ƙaramin taro a Penang, gaban mutum goma sha huɗu.